Daga bakin daga zuwa kujerar edita: wakilin yaƙi zai iya riƙe jarida?

Wani matashi da bai daɗe da shiga aikin jarida ba ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, na ji ana cewa wasu daga cikin manyan editocin jaridun Birtaniya daga fagen yaƙi suka fito. Shin ɗauko labarin yaƙi shi ne hanyar zama edita? Kuma wanda ya ƙware a can, dole ne ya iya riƙe jarida?"

Ɗana, ba dole ba ne, kuma waɗanda suka iya ɗin ba su da yawa. Na ga aikin nan ta fuska biyu. Na kwana a inda ake harbi ina neman layin waya, daga baya kuma na zauna a tebur ina jiran wani ya kira ni daga irin wannan wurin. Wakili kansa kawai yake ɗauke da shi, sai ɗan littafinsa da alƙalami. Edita kuwa yana ɗauke da ma'aikata, da mai jarida, da lauyoyi, da masu ba da talla, da kuma ran duk wanda ya tura. Bari mu bi sawun mutum ɗaya, domin kusan duk abin da kake tambaya ya bayyana a rayuwarsa.

Max Hastings ɗan gado ne. An haife shi a 1945, mahaifinsa ya yi wakilcin yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, mahaifiyarsa kuma editar mujalla ce. Ya yi wa jaridar Evening Standard ta Landan da gidan talabijin na BBC aiki, ya je Ireland ta Arewa, ya je Biyetnam, ya ga yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973. A 1975, lokacin da birnin Saigon na Biyetnam ta Kudu yake gab da faɗuwa, ya yi niyyar tsayawa ya ga ƙarshen abin, amma zuciyarsa ta karaya, ya bi jirgi mai saukar ungulu daga ofishin jakadancin Amurka ya fice. Shi da kansa ya faɗi haka, bai ɓoye ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ya fito da sunansa shi ne yaƙin tsibiran Falkland. Ajantina ta mamaye tsibiran ranar 2 ga Afrilun 1982, Birtaniya ta tura jiragen ruwan yaƙi tafiyar kusan kilomita 13,000, aka kuma ba 'yan jarida da ma'aikatansu 29 gurbi a cikin jiragen, dukkansu na kafafen Birtaniya. Ka dubi halin da suka shiga. A jirgin soja suke kwana, abincin soja suke ci, sannan ba su da wata hanyar aika labari sai ta na'urar tauraron ɗan'adam da ke cikin jirgi, bayan jami'an ma'aikatar tsaro sun karanta sun soke abin da ba su so. Wasu hotunan talabijin sai da suka yi fiye da mako uku kafin su isa Landan. A 1854 ma, labarin da William Howard Russell ya rubuto daga Kirimiya kan harin mahayan dawakin Birtaniya a Balaklaba kwana 20 ya yi kafin ya fito a jaridar The Times. Wato bayan shekara 128, da duk na'urorin zamani, soja ya iya mayar da labari tafiyar raƙumi idan ya ga dama.

Ranar 14 ga Yuni, dakarun lema na Birtaniya suka isa bakin Stanley, babban garin tsibiran, aka ba su umarnin su tsaya domin ana maganar miƙa wuyan sojojin Ajantina. Hastings yana tare da su. Umarnin na soja ne, shi kuwa farar hula ne. Sai ya tuɓe kayan soja da ke jikinsa, ya bar su a gefen hanya, ya kama tafiya shi kaɗai cikin garin da har lokacin yake cike da dubban sojojin Ajantina riƙe da makamansu. Da ya haɗu da hafsoshinsu sai ya ce musu shi wakilin The Times ne, don ya san ita ce jaridar Birtaniya da za su iya sani. Ya wuce har otal ɗin Upland Goose, ya tarar da mutanen tsibirin, ya ji ta bakinsu, sannan ya juya ya nemi hanyar komawa jirgi ya aika. Jaridarsa ta buga shi a matsayin mutum na farko da ya shiga Stanley. Abokan aikinsa da dama ba su yafe masa ba, domin nasa labarin ya isa Landan nasu yana baya, kuma sun daɗe suna ƙorafi a kai.

Ka lura da halayen da suka kai shi otal ɗin nan: yanke shawara cikin daƙiƙa, rashin jiran izini, son kai irin na mai farauta, da iya kutsawa inda ba a gayyace shi ba. Halaye ne na wakili nagari. Rabin su kuwa guba ne a kujerar edita, inda aikinka shi ne ka sa wani ya yi fice, sunanka ma ba ya fitowa a kan labarin.

Bayan shekara huɗu aka ba shi kujerar editan jaridar Daily Telegraph. Yana da shekara 40, bai taɓa riƙe jarida ba. Jaridar tana cikin mawuyacin hali: kuɗi sun ƙare har iyalin da suka daɗe da mallakarta suka rasa ta, ta koma hannun attajirin Kanada Conrad Black. Masu karatunta sun tsufa. A watan Janairun shekarar 1986 Rupert Murdoch ya kwashe jaridunsa zuwa unguwar Wapping ta Landan ya karya ƙungiyoyin ma'aikatan ɗab'i, a watan Oktoba kuma wasu tsofaffin ma'aikatan Telegraph ɗin su uku suka kafa The Independent, suka fara zawarcin matasan masu karatu. Wanda ya saba tsallake shingen soja sai ga shi yana lissafin albashi, yana sallamar dattawan da suka yi shekara talatin a gidan, yana tunanin yadda mata za su fara sayen jaridar. Cikin waɗanda ya sallama har da Carol Thatcher, 'yar Margaret Thatcher, Firaminista mai ci a lokacin, a jaridar da kowa ya san ta 'yan mazan jiya ce. Ya riƙe kujerar har 1995, daga nan ya koma Evening Standard ya yi edita daga 1996 zuwa 2002.

To me yaƙi ya ba shi wanda ya amfane shi a nan? A ganina abu biyu ne, kuma su ne duk wani tsohon wakili yake shigowa da su ɗakin labarai.

Na farko, ya san yadda ake ƙera labarin hukuma, domin ya ga ana ƙera shi. Wanda ya tsaya a wuri ya ga abin da ya faru da safe, da yamma kuma ya ji kakakin soja yana karanta wani abu dabam, ba ya sake karɓar sanarwa hannu bibbiyu har abada. Gani ya kori ji. Idan irin wannan mutum ya zama edita, tambayarsa ta farko ga wakili ita ce: "Ka gani da idonka, ko gaya maka aka yi? Wa ya gaya maka? Shi yana ina lokacin?" Na taɓa riƙe labarin wani wakilina na tsawon sa'a uku saboda kalma ɗaya. Ya rubuto cewa an kashe "ɗaruruwan" mutane a wani ƙauye. Na tambaye shi gawa nawa ya ƙirga, ya ce goma sha ɗaya, sauran wani jami'in agaji ne ya gaya masa, shi ma jami'in daga bakin masu gudun hijira ya ji. Muka buga goma sha ɗaya a matsayin abin da wakilinmu ya gani, sauran muka jingina shi ga wanda ya faɗa. Ya yi fushi da ni ƙwarai, ya ce na rage wa mamatan daraja. Na fahimci fushinsa domin ni ma na taɓa tsayawa kan gawa ina jin duniya ta yi mana shiru. Amma da mun buga ɗaruruwan aka ƙaryata, to har goma sha ɗayan nan ma sun bi ruwa.

Na biyu ya fi ɗaci: ya san yadda wakili yake zama na waɗanda yake tare da su. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Sojan da ya raba bargonsa da kai a daren sanyi, ya ja ka ƙasa lokacin da harsashi ya wuce, ba za ka iya rubuta laifinsa da sauƙi ba. Hastings bai taɓa ɓoye cewa a Falkland yana bayan sojojin ƙasarsa ba, har ma ya kafa hujja da ra'ayin mahaifinsa cewa idan ƙasarka tana yaƙi, aikin wakili wani ɓangare ne na yaƙin. Ni ban yarda da wannan ra'ayi ba, kuma ina ganin ya cutar da aikinmu a wurare da yawa. Sai dai editan da ya taɓa jin wannan jan a jikinsa yana gane shi a rubutun wani tun daga jimla ta biyu, lokacin da "sojojin" suka koma "mu". Wanda bai taɓa barin tebur ba yakan fi kowa zafin kishin yaƙi. Kanun da jaridar The Sun ta buga na murna da nutsar da jirgin Ajantina mai suna General Belgrano, inda mutum 323 suka mutu, a ofis aka rubuta shi a Landan, ba a bakin teku ba.

Yanzu abin da yaƙi ba ya koyarwa. Ba ya koya maka sanin mutane a zaman lafiya. A fagen daga gwaji ɗaya ne, ko mutum ya tsaya ko ya gudu. A ɗakin labarai kuwa akwai mai hazaƙa maƙaryaci, akwai mai nawa amintacce, kuma tsohon wakili yakan ruɗu da na farkon domin rubutunsa yana da armashi. Hastings ne ya ɗauki Boris Johnson aiki a Telegraph bayan The Times ta kore shi saboda ƙirƙirar maganar da ba a faɗa ba, shi ne kuma ya tura shi Brussels a 1989, inda ya shekara biyar yana aiko da labaran da suka mayar da hukumomin Turai abin dariya a idon masu karatu. A 2019 Hastings ɗin ya fito fili ya rubuta cewa Johnson bai cancanci zama Firaminista ba. Gaskiya ya faɗa a yadda ya san mutumin, amma shekara talatin kafin nan shi ne yake da ikon cewa a'a.

Akwai kuma wata cuta da na gani a tsofaffin wakilai, har da ni a shekarata ta farko: raina mutanen tebur. Kana ganin wanda yake gyaran rubutu da tsara shafi bai san komai ba tunda bai taɓa jin ƙarar igwa ba. Sai ranar da ya ceto ka daga ƙarar ɓata suna saboda ya lura an sauya sunan wani kanar da na ɗan'uwansa, sannan ka san matsayinsa. Haka nan kana ganin duk labarin da babu jini a cikinsa ba labari ba ne, alhali mai sayen jarida ya fi damuwa da haraji da makarantar 'ya'yansa. Ga kuma ƙaiƙayin sake rubuta aikin kowa da muryarka.

Sannan ga mai jarida. A nan ake bukatar wata irin jarumtaka da ba ta da alaƙa da harsashi. Watanni kaɗan da hawan Hastings, a Afrilun 1986, jiragen Amurka suka tashi daga sansanonin Birtaniya suka kai hari Libiya da amincewar Margaret Thatcher. Telegraph ta soki harin, Black kuma, wanda yake matuƙar goyon bayan shugaban Amurka Ronald Reagan, ransa ya ɓaci. Irin wannan saɓani ya yi ta faruwa tsakaninsu tsawon shekaru, musamman kan batun Turai. Harsashi sau ɗaya yake zuwa, ko ya same ka ko ya wuce. Wayar mai jarida kuwa kullum tana nan, kuma shi yake biyan albashin kowa. Ga kasuwa ita ma ba ta raga maka: a Satumban 1993 Murdoch ya rage kuɗin The Times daga peni 45 zuwa 30, a Yunin 1994 Telegraph ta sauko daga 48 zuwa 30, The Times ta sake faɗowa zuwa 20. Idan kuɗin shiga ya ragu haka, ofisoshin ƙasashen waje su ne farkon abin da akanta yake dubawa, domin su suka fi tsada. Tsohon wakili sai ya sami kansa yana kare irin aikin da ya yi da hujjar lissafi, wani lokaci ma shi zai sa hannu a rufe.

Wannan dangantaka ta wakili da edita tsohuwa ce. Russell ɗin da na ambata ya rubuto yadda sojojin Birtaniya suke mutuwa da sanyi da cuta da sakacin shugabanninsu a Kirimiya, kwamandan rundunar Lord Raglan ya yi ƙorafin cewa rubutunsa yana taimakon abokan gaba. Abin da ya sa rubutun ya yi tasiri shi ne editansa John Delane ya tsaya masa, ya buga, ya ɗora sharhi a kai, har gwamnatin Lord Aberdeen ta faɗi a Janairun 1855. Da Delane ya ji tsoro, da wasiƙun Russell sun ƙare a aljihun tebur. Shi ma Russell daga baya ya kafa jaridar harkokin soja a 1860 ya zama editanta.

Na bar mafi nauyi zuwa yanzu, domin shi ne abin da ba a gaya wa matasa. Ranar da ka zama edita, kai ne mai tura mutane. John Witherow yana cikin 'yan jaridar da suka bi jiragen Falkland, shi The Times ya wakilta. Ya zama editan Sunday Times a tsakiyar shekarun 1990, kuma yana kan kujerar lokacin da wakiliyarsa Marie Colvin ta rasa idonta na hagu a Sri Lanka a 2001. Yana kan kujerar har ila yau a Fabrairun 2012, lokacin da ta kutsa unguwar Baba Amr ta birnin Homs a Siriya ta cikin ramin magudanar ruwa, ta aiko da labarin mata da yara da suka ɓuya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ta fita, ta sake komawa. Ranar 22 ga wata aka yi ruwan rokoki kan gidan da 'yan jarida suke, ta mutu tare da mai ɗaukar hoto ɗan Faransa Rémi Ochlik. A 2019 wata kotun Amurka ta ɗora wa gwamnatin Siriya alhakin kisan. Kafin ita akwai Farzad Bazoft na jaridar The Observer, wanda ya je binciken wata fashewa a wani wurin soja a kudu da Bagadaza, aka kama shi, aka rataye shi ranar 15 ga Maris 1990 yana da shekara 31. Kowane ɗayansu akwai editan da ya ce "je ka", ko ya kasa cewa "dawo" a ji shi.

Na san wannan daren. Mun yi da wani wakilina zai kira ƙarfe tara. Tara ta yi, goma ta yi. An rufe shafi, ma'aikata sun watse, saura ni da mai gadi da wayar da na ajiye a gabana na ƙara mata sauti har ƙarshe. Lambar matarsa tana rubuce a wata takarda ƙarƙashin madannin kwamfuta, ina ta tsara abin da zan ce mata ina rushewa. Da nake fage ban taɓa tunanin akwai mai zama haka domina ba. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna ya kira, muryarsa garau, batir ne ya mutu, ga shi kuma da labari mai kyau, yana so ya ƙara kwana uku. Na ce masa ya fito gobe da motar farko. Ya ce, "Malam, kai da kanka da ka tsaya." Gaskiya ya faɗa, da na tsaya. Na ce masa ya fito duk da haka, ya fito, wata jarida ta sami labarin da muka bari, ya yi wata guda ba ya gaishe ni da sakin fuska.

A nan ne Saigon ta Hastings take da amfani. Editan da ya taɓa jin tsoro ya kuma amsa cewa ya ji, ba zai kunyata wakilin da ya ce "ba zan iya shiga ba". Wanda nake tsoro shi ne tsohon jarumin da yake auna kowa da kansa, yana cewa a zamaninmu da ƙafa muke shiga. Irinsa yana tura yara su mutu don su burge shi, ba tare da ya taɓa ba da umarni ba. Musamman 'yan jarida masu zaman kansu, da direbobi da masu fassara 'yan ƙasar da ake yaƙin, waɗanda ba su da inshora ba su da fasfon fita, kuma su ne suka fi yawa cikin waɗanda ake kashewa.

Saboda haka idan kujerar edita kake so, ɗana, kada ka nemi yaƙi don ita. Yawancin editoci daga teburin labarai, ko siyasa, ko kasuwanci suka taso, kuma hanyar ta fi tabbas. Ka koyi gyaran rubutun wani ba tare da ka kashe muryarsa ba, ka koyi dokar ɓata suna, ka zauna kusa da mai tsara shafi, ka san nawa ake kashewa kafin jarida ta fito. Idan kuma zuciyarka fage take so, ka je don labarin kansa, da horon kare kai da na taimakon gaggawa, da gidan jaridar da ya san inda kake kowane dare.

Kada kuma ka ɗauka kujerar ita ce ƙarshen tafiya ga kowa. Mutumin da Hastings ya gada a Telegraph, Bill Deedes, ya yi wakilcin yaƙi shi ma: jaridar Morning Post ta tura shi Habasha a 1935 yana da shekara 22, lokacin da Italiya take shirin mamaye ƙasar. Ya yi soja, ya yi ɗan majalisa, ya yi minista, ya riƙe Telegraph daga 1974 zuwa 1986. Da ya sauka yana da shekara fiye da 70, sai ya koma wakili a ƙarƙashin yaron da ya gaje shi, ya ci gaba da zuwa ƙasashen da yaƙi da yunwa suka ɗaiɗaita. A Agustan 1997, yana da shekara 84, yana Bosniya tare da Gimbiya Diana suna ziyartar waɗanda nakiyoyin ƙasa suka raba da ƙafafunsu, shi yana gefe da littafinsa yana rubutu. Bai ajiye alƙalami ba har rasuwarsa a 2007.